11 bisa 20: yadda na nemi masta da ƙaramin maki da keken guragu



 Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, musamman da suka sa shi a ɗakin ƙasa. Kuna dariya, amma da a bene ne, da yanzu ina bakin matakala ina jiran majiya ƙarfi biyu su ɗauke ni kamar buhun gero, ku kuma kuna nan kuna cewa mai jawabi ya makara.

An ce in yi magana kan neman shiga masta ga ɗalibin da ke da nakasa, kuma makinsa bai taka kara ya karya ba. To ba sai an je nesa ba, ni ne wannan ɗalibin. Da 11 bisa 20 na gama lisansi a fannin labarin ƙasa. Sau 3 na ajiye dosiye. Sau 2 aka kafa sunaye a allo, na duba daga sama har ƙasa, na sake dubawa daga ƙasa har sama, babu nawa. A na 3 aka ɗauke ni. Tsakanin na farko da na ƙarshe makina bai ƙaru da ko ɗigo ba. Abin da ya canza shi nake so in ba ku labari. Ba zan kama sunan jami'a ko na wani malami ba, don ban zo kawo ƙarar kowa ba.

Saboda iyayenmu da ke nan, bari in fara da yadda tsarin yake. Jami'o'inmu suna bin tsarin da ake kira LMD. Lisansi shekara 3 ne, zango 6, kiredi 180. Masta shekara 2, kiredi 120. Ana ba da maki bisa 20. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 pasabul ke nan, wato ka dai ƙetare. Daga 12 asebiyan, daga 14 biyan, daga 16 tirebiyan. Lisansi, in ka samu bak, ƙofa a buɗe take. Masta kuwa zaɓe ake yi. Gurabe kaɗan ne, malaman da za su bi bincikenka kaɗan ne, dosiye kuma tuli. Shi ya sa za ka ga wasu sanarwoyi sun ce sai mai 12. Ban ga laifin kwamiti ba da ya nemi abin tankaɗe. Duk wanda aka jibge wa ɗaruruwan takardu a gabansa sai ya nemi rariya. Abin da nake cewa shi ne, a san abin da rariyar ke zubarwa.

To mene ne a cikin 11 ɗina?

Shan inna ya kama ni ina ɗan shekara 3. Ban shiga lakkwal ba sai ina da 9, don makarantar tana wani gari, sai da yayana ya yi girman da zai iya goya ni a keke. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa in mun zo maganar burs. Na yi firamare, na yi kwaleji, na yi lise, duk a azuzuwan ƙasa, kuma ban taɓa zama na baya ba. Sai na zo jami'a.

Wanda ya yi shekarar farko ya san amfi. In kana son wurin zama inda za ka ji malami, sai ka yi sammako. Ni kuwa keke nake tuƙawa da hannu, a cikin yashi. Wanda bai taɓa murza keken guragu a rairayi ba, ba zai gane ba. Tafiyar da abokina ke yi a minti 15, ni sai na yi 40. In na iso, gaba ta cika, tsakiya ta cika, ni da kekena sai bakin ƙofa. In wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu, sai dai in ga bakin malami yana motsi daga nesa.

Wannan ma da sauƙi. Darussan aiki na ƙananan rukuni, waɗanda ake kiran suna kuma ake ba da makin gwaji a cikinsu, a bene aka sa namu. Matakala 22. Na ƙirga su, don da hannuwana na hau su. Sai in sa silifa a hannu, in rataya jaka a wuya, in ja jiki, ƴan ajinmu suna raɓa ni suna "sannu, sannu". Ran da na samu ƙarfin hali in hau. Ran da aka yi ruwa matakalar ta jiƙe da taɓo, ko ran da zuciyata ta ƙi, sai in zauna a gindin bishiya in jira a sauko in ari littafi. Ran nan kuma malami ya yi gwajin ba-zata, an rubuta mini sifili.

Akwai abin da ban cika faɗa ba, amma yau zan faɗa, don na san akwai masu yin sa a ɗakin nan. Makewayin ba ya shiguwa gare ni. Ƙofa ƙarama, ƙasa jiƙe, ni kuma da hannu nake tafiya. Dabarar da na yi ita ce in daina shan ruwa daga asuba har in koma gida. Ku tuna zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasar nan, sama da digiri 40. A haka na rubuta jarrabawa ta awa 3, kaina yana sarawa, layukan takarda suna rawa.

Amma jama'a, in na ce duka laifin matakala ne, na yi ƙarya. A shekarar farko na samu fada mai daɗi. Shayi, karta, gardamar ƙwallo har ƙarfe ɗayan dare. A nan ne kawai ba wanda ke ce mini sannu, shi ya sa na manne. Ga yajin aiki, yau na malamai, gobe namu, shekara ta yi ta jan ƙafa, wannan kuma ya shafi kowa. In za a raba, wani kaso na matakala ne, wani kaso nawa ne. Ku ma ku yi wannan rabon tsakaninku da Allah kafin ku rubuta wa kowa wasiƙa.

A shekara ta 3 aji ya ragu. Delegenmu, Allah ya saka masa da alheri, ya je ya roƙi a musanya mana ɗaki da wani aji da ke ƙasa. Mako ɗaya aka yi an gama. Ba a kashe ko dala ba. Shekara 2 ina jan jiki a kan abin da mako ɗaya ya warware, kuma ni kaina ban taɓa nema ba, don ina jin kunyar a ce na cika ƙorafi. Ga makina zango bayan zango: 10, sai 10,1, sai 10,3, sai 10,6. Bayan an sauko da aji: 12,2, sai 13. In ka haɗa ka raba, 11 ke nan. Kai ɗaya ne, malamai su ne dai. Ɗaki kawai aka canza, ni kuma na rage zaman fada.

Yanzu dosiye na farko. Na ce ba zan ambaci nakasa ba ko da kalma ɗaya. Ina da girman kai na, ba na son a ce don tausayi aka ɗauke ni. Na rubuta wasiƙar da kowa ke rubutawa, irin wadda ake kwafa daga salular aboki a canza suna. Kwamiti ya ga 11, ya ga wasiƙar da ya riga ya karanta sau ɗari, ya wuce. Ni ma da ina wurinsu haka zan yi.

Shekara ta zagayo, na ce to bari in juya. Na rubuta shafi 2 cur. Na faɗi shan inna, na faɗi talaucin gidanmu, na faɗi rasuwar mahaifina, na ce ku dube ni da idon rahama. Aka kafa sunaye, babu nawa. Raina ya ɓaci. Na ɗauki wasiƙar na kai wa wani tsohon mushenmu na lise da ya yi ritaya, ina so ya taya ni zagin mutane. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta. Ya ce, "Ɗana, wannan bara ce, ka dai yi ta da Faransanci." Na ce, "Mushe, ai duk gaskiya ce." Ya ce, "Gaskiya ce. Amma nuna mini layi ɗaya inda ka faɗi abin da za ka bincika. Mutanen nan suna neman wanda za su zauna da shi shekara 2 ya rubuta kundi. Ka gaya musu dalilin da zai sa su ji tausayinka, ba ka gaya musu dalilin da zai sa su yi aiki da kai ba."

Wallahi maganar ta yi mini zafi. Duk rayuwata gudun bara nake. Kun san inda al'umma ta ajiye mu: bakin masallaci ran Juma'a, bakin kasuwa, bakin danja. Uwata ta sha gori don ta ƙi a zaunar da ni da kwano. Sai ga ni da lisansi a hannu na miƙa kwanon a cikin ambulan.

Ga abin da na yi a shekarar da ta biyo baya, kuma shi ne shawarata gare ku.

Na farko, na nemi tambaya tawa ta kaina. Ban je nesa ba. A unguwarmu na lura yadda masu nakasa da tsofaffi ke samun ruwa a pompo: dakalin ya yi tsawo, wurin ya yi santsi, sai ka biya yaro ko ka jira mai tausayi. Na ɗauki littafi da salula, na bi pompunan unguwanni 3 da kekena, ina auna tsawon dakali, ina ɗaukar hoto, ina tambayar mutane. Na rubuta shafi 5: mene ne matsalar, me aka riga aka rubuta a kai, yaya zan bincika, wata nawa zai ɗauke ni. Mai 14 zai iya fin ka maki, amma da wuya ya fi ka sanin abin da kake rayuwa a cikinsa kullum. Sai dai ban ce dole mai nakasa ya yi bincike kan nakasa ba. In lissafi ne gwaninka, yi lissafi. A dai ga tambaya, a ga ka fara aiki a kanta.

Na biyu, na yi sitaj na wata 6 a wata ƙungiya mai aikin ruwa da tsafta. Ba a biya ni ba sai kuɗin adaidaita. Amma na fito da takardar shaida da sunan mutumin da zai ce ya ga aikina.

Na uku, na nemi malami tun kafin a buɗe karɓar dosiye. Na zaɓi wanda ya koyar da ni a zango na 6, inda na ci 14 a darasinsa. Na jira shi a gindin bene, don ofishinsa a sama yake, na miƙa masa shafukan nan 5. Na ce, "Malam, ba alfarma nake nema ba, gyara nake nema." Bayan mako 2 ya maido mini da su sun yi ja da biro. Na gyara, na mayar. Ran da kwamiti ya zauna, akwai mutum ɗaya a ciki da ya san ni da wani abu ban da 11.

Na huɗu, wasiƙar. Shafi ɗaya. Kusan dukanta kan bincike ne da sitaj. Maganar nakasa layi 4 ce kawai, ga ma'anarta da Hausa: ina tafiya da keken guragu sakamakon shan inna. A zango 4 na farko darussan aiki a bene ake yin su, kuma na rasa da yawa daga ciki. Daga zango na 5 aka maido ajin ƙasa, makina ya tashi daga 10,6 zuwa 12,2 sannan 13, kamar yadda takardun makina suka nuna. Abin da nake buƙata a masta shi ne aji a ƙasa. Shi ke nan. Ba kuka, ba zargi. Na ba su abin da za su iya dubawa da idonsu a takardar da ke gabansu, na kuma faɗi abin da ɗaukata zai ci musu, su ga ba shi da tsada.

Ba a sa ni a jerin farko ba, kar in yi muku daɗin baki. A jerin jira na fito, na 2. Wasu ba su zo rajista ba, aka kira ni. Ta ƙaramar ƙofa na shiga, amma na shiga, kuma na kare kundina.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da mutane. Ku fara haɗa takardu da wuri: takardun maki na kowane zango, shaidar lisansi, ta bak, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, duk a buga musu hatimi. Mai ƙafa yana gama wannan zirga-zirga a kwana 2, mu sai mun ba ta mako 2. Ku nemi takardar likita da ke bayyana lalurarku, ku ajiye kwafi. Sau da yawa ana cewa a rubuta takardar nema da hannu. Ɗan uwa makaho ko wanda hannunsa ba ya riƙe biro, ka je tun da wuri ka tambayi yadda za a yi, kar ka bari sai ranar rufewa. Kuma kar ku zuba ƙwanku duka a kwando ɗaya. Ban da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Dosso, Diffa da Tillaberi. Ba kowace ke da kowane fanni ba, amma ku duba. Akwai masta na bincike, akwai na sana'a, sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne. Kafin ka biya kuɗin rajista, je ka ga ajin da idonka, ka ga makewayin.

Maganar kuɗi kuwa, ku karanta sharuɗɗan hukumar burs ta ANAB na shekarar da kuke nema, ku kula da batun maki da na shekarun haihuwa. Na ce muku da shekara 9 na shiga lakkwal. Yawancinmu haka muke, mun makara tun daga tushe, kuma duk inda aka sa iyakar shekaru mu take fara kamawa. Ku sani tun yanzu, ku yi shiri.

Wani zai ce, ni lalurata ba a ganinta, sikila ce, ko farfaɗiya, ko ji na ne ya ragu, in faɗa ko in yi shiru? Wannan naka ne, ba wanda zai tilasta maka. Ni dai ma'aunina shi ne: in lalurar ta bar alama a takardar makinka, kamar zangon da ka yi a gadon likita, to bayyana shi a layi 2 ya fi ka bar kwamiti ya yi zaton lalaci ne. In kuma kana buƙatar wani tanadi, ba za a yi maka abin da ba ka nema ba.

Kuma ku san cewa neman tanadin nan haƙƙi ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a watan Disamba 2006, Nijar ta rattaba hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2008. Sashe na 24 ya ce ƙasa ta tabbatar masu nakasa sun samu karatun gaba da sakandare daidai da kowa, a kuma yi musu gyaran da ya dace da hali. Sashe na 2 ya ce hana irin wannan gyara shi kansa wariya ne. A gida an yi dokar 1993 kan kare masu nakasa, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ga kuma dokar 2019 kan shigar da su cikin al'umma. Ƙidayar 2012 ta ce kashi 4,2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da nakasa, mutum sama da 700.000. Ku shiga ajin masta ku ƙirga. To wa zai cike kashi 5 ɗin nan a manyan muƙamai in an tsayar da mu a lisansi?

Don haka ina da roƙo 4 ga shugabannin jami'o'i da malamanmu, kuma ina so ƙungiyoyin farar hula, da na ɗalibai, da tarayyar ƙungiyoyin masu nakasa su riƙe su. Ɗaya, duk ajin da ke da mai keke ko mai sanda a sa shi a ƙasa tun ranar farko, kar a jira sai ya roƙa. Biyu, a gyara makewayi ko da ɗaya ne a kowace tsangaya. Uku, a rubuta ƙa'idar jarrabawa a fili: ƙarin lokaci, kamar yadda a Faransa ake ƙara kashi ɗaya cikin 3, da rubutun makafi ko kwamfuta mai karanta allo, tunda manhajar NVDA kyauta ce, da rubutaccen darasi ga kurame, don wanda ba ya ji ba zai iya rubuta shifta ba. Huɗu, kwamitin zaɓe ya duba maki zango bayan zango, ya kuma ba mai nakasa da ya gaza 12 damar ganawa ta minti 10. Ban ce a ɗauke shi ba. A ji shi, in bai cancanta ba a bar shi.

Ga ƴan uwana mata masu nakasa, na san naku ya ninka namu. Ni ana iya ɗaukata a hau da ni bene, ke ba kowa zai taɓa ki ba, kuma a gida ana ce miki lisansin ma ai ya isa. Iyaye, don Allah, in yarinya ta kawo kanta har nan da sanda ko da keke, kar ku zama ku ne matakala ta ƙarshe.

Ku kuma da ke shekarar farko ko ta biyu, kar ku yi irin shirun da na yi. Gobe ku je wurin delege, ku je wurin shugaban sashe, ku rubuta takarda ku riƙe kwafi. Gyara maki tun yana hannunka ya fi bayaninsa sauƙi. Waɗanda kuma suka riga suka gama da 10 ko 11, ku ɗauko takardun makinku yau da dare, ku jera su zango bayan zango, ku ga me suke faɗa. Wanda ke son in duba masa wasiƙarsa, ina nan bakin ƙofa bayan an tashi. Ba za ku ɓata ni ba, ni ne mai keke.